"Zan Fuloge Ka" Na Babanmu

"Baba, mene ne fulogin?" ɗiyata Rahila ta tambaye ni jiya a unguwar Television, da muka ji wata mata tana yi wa ɗanta tsawa.

Na ce Turanci ne, dukan bulala ke nan.

Kalmar marigayi babanmu ce. Kullum "Zan fuloge ka!" amma bai taɓa taɓa mu ba. Shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula na tambaye shi dalili. Ya ɗaga riga, ya nuna min tabon bulalar wani soja a bayansa.

Ya ce, "Ai na shanye rabon gidan nan duka."

Ina ma in sake jin tsawar nan.

Ku fa, wace kalmar iyayenku kuke kewa?