Mai jitar da ba a rubuta sunansa ba

Musbahu direban bas ne a Doha, yana kai ma'aikata filin jirgi yana ɗauko su. A ɗakinsu na unguwar Old Airport Malam ake ce masa, don shi ke jan salla, kuma duk wanda ya tambayi asalinsa sai ya ce mahaifinsa ɗan kasuwa ne a Kaduna. To, ba ƙarya ce zalla ba, tsohon yana da teburin sayar da batir. Abin da Musbahu ya binne tun yana firamare, lokacin da yara ke tsokanarsa da ɗan makaɗi, shi ne mahaifin nasa, Ɗantala, ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a wani situdiyo a Legas. Shi da abokansa su ne makaɗan gidan, kowane mawaƙi ya zo su raka shi, a buga sunansa, su a sallame su.

Wata Juma'a bayan an ci abinci, Bawah, mai gadi ɗan Zangon Kumasi, ya fito da faifan garmaho da ya zo da shi daga hutu, ya ɗora shi a garmaho ya kunna. Kiɗan disko ne zalla, wanda makaɗan situdiyon nan na Legas suka yi na kansu. A bangon ga samari da tulin gashi da wando fantalo, babu sunan kowa. Na biyu daga hagu, Musbahu ya san wannan wushiryar, ta mahaifinsa ce.

Aka yi ta dariyar wandunan. Shi ma ya yi, har da tafa hannu.

"Ku bar dariya," in ji Bawah. "Ku ji mai jitan nan. Da wannan uwata ta yi rawa ranar aurenta. Na tambaya har na gaji, ba wanda ya san sunanshi. Malam, kai ɗan Najeriya ne, ka san shi?"

"Ina ruwana da makaɗa?" in ji Musbahu.

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara, Baba ne. Ya fita baranda da sauri ya ja ƙofa, amma ƙofar nan ba ta rufuwa sosai. Suna cikin gaisawa tsohon ya tsaya yana saurare. Musbahu na jin numfashinsa, yana kuma jin jitar tana biyo shi ta kafar ƙofa. Kunya ta rufe shi har wuya, ya rasa ta wa yake ji.

"A can ma ana sa wannan?" Baba ya tambaya a hankali.

"Wani abokin aiki ne, Baba."

Sai da kiɗan ya kai ƙarshe tsohon ya sake magana, ba fushi a muryarsa.

"Kada ka damu, Musbahu. Ba sai ka gaya musu ba."