Mai Guduma da Kujerar Bakin Ƙofa

Ranar da maigidana ya fara zuwa gaida mahaifina, ko zama bai yi ba ya zaro 'yar guduma daga aljihu ya ƙwanƙwasa bangon falo. Ya kasa kunne, ya ce, "Baba, wannan ginshiƙin ya gaji." Saura ƙiris auren ya ruguje kafin bangon.

Injiniya ne, irin masu lissafa nauyin da gini zai iya ɗauka. Shi da abokinsa suka buɗe kamfani a wani ɗaki saman shagon tela, da tebur guda mai ɗingishi. Sun fara da tankunan ruwa, suka koma benaye, yau har gada ake kawo musu, da tsofaffin gine-ginen da suka tsage a duba ko za su gyaru. Ma'aikata na ce masa Mai Guduma. Ni dai na sha kunya, don mutumin nan bai yarda da lissafin kowa ba. Duk gidan da muka je, bakin ƙofa yake ajiye kujerarsa. A yi ta "Bismillah, shigo ciki mana," ya ce ai iska yake sha.

Kamfanin na da doka tun farko: ranar da kafintoci za su cire katakon da ke tokare da sabon rufin kankare, wanda ya yi lissafin shi zai zauna a ƙarƙashi ya sha shayi. Maigida kuwa in ba nasa ba ne, daga bakin ƙofa yake kallo. Har abokin nasa ya rasu bai taɓa samun alfarmar Maigida ya zauna ƙarƙashin rufinsa ba.

Sai ga autarmu ta karanci aikin uban, ta shiga kamfanin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har taurin kan ta kwaso. Aikinta na farko wani faffaɗan zauren makaranta ne, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ya duba zanen, abin da ya ce kawai shi ne "Hmm."

"Umma," ta ce mini, "wallahi in Baba ya zauna a bakin ƙofa, na bar masa kamfaninsa."

Na san za ta aikata, shi ya sa na yafa mayafi na bi su.

Aka cire katako. Auta ta zauna a tsakiya, da kofin shayi a hannunta. Shi kuwa ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, yana yamutsa fuska, sannan ya ja kujera ya dasa a bakin ƙofa. Na ga idon yarinyar ya ciko. Ji na yi kamar in ƙwace gudumar in gwada ƙarfin goshinsa.

Can ya ce, "Nan rana ta yi yawa." Ya ja kujerar ciki kaɗan. Jim kaɗan ya ce ƙura. Ya ƙara ja. Sai kuma wai ba ya jin abin da ake faɗa. Leburori suka bar aiki suna kallo, kujera na ƙiii a kan siminti, har ta tsaya daf da ta Auta.

"Wannan shayin babu na tsofaffi ne?"

Ta miƙa masa nata. Ya kurɓa, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ɗora mata gudumar a cinya.

"Riƙe mini, Injiniya, tana tokare mini aljihu."

Ya miƙe ƙafa, ya ja hula ya rufe fuska. Kafin shayin ya huce ya fara minshari, zauren na amsa masa. Tun da na aure shi nake zungurinsa a kan minsharin nan. Ranar kuwa, da babban kafinta ya matso zai tashe shi, ni na tare hanya.