Hannun Baba a Kwiɓin Saniya

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka ɗauki Baba daga gidanmu na Jakara muka kai shi makwancinsa. Malam Inuwa mahauci, haka aka san shi tun daga bakin Kurmi har Koki. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ni ne ɗansa na fari, ni na gaji fawa a hannunsa, kuma duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Abin faɗi kam akwai shi. Matsalar ita ce ni ne mai laifi a cikin labarin, kuma ba wanda ke son tona wa kansa asiri a jarida. Bana dai na ce ko me za a ce, a ce.

Lokacin da na yi wayo, sa ɗaya Baba ke yankawa shi da abokan fawarsa biyu, su raba uku, kuma ya ishi unguwa har a yi kwantai. Babu sikeli, kashi-kashi ake jerawa a kan teburi. Nama a lokacin abin suna ne, da salla, da baƙo, da mai jego, da wanda ya tashi daga ciwo. Mutane na zaton a gidan mahauci nama ake shimfiɗawa a kwanta a kai. Ina! Ƙashi ne namu da romo. Ranar da tsoka ta faɗo a kwanona, sai na juya baya nake ci don kada ƙannena su sa mini ido.

Baba yana da wata ɗabi'a da duk kara ta san shi da ita. Kara ita ce kasuwar shanu, ga wanda bai sani ba. Idan aka nuna masa saniya, ba zai tambayi kuɗi ba tukuna. Zai zaga ta dama, ya dunƙule hannu, ya danna kwiɓinta can ƙasa-ƙasa, ya tsaya shiru kamar mai sauraron sallama a bakin zaure. In akwai ɗa a ciki kuma ya yi ƙwari, zai dawo ya bugi hannun. Sai ka ji Baba ya ce, "Wannan biyu ce." Shi ke nan, ko kyauta aka ba shi ba zai sa mata wuƙa ba. Ya koyi abin ne a wurin amininsa Malam Buba, wani Bafillatani da ya bar kiwo ya zauna a Kabuga. Dillalai suka laƙaba wa Baba suna, wai ungozomar kara. Yana shigowa za ka ji ana cewa a ɓoye masu ciki, ungozoma ta iso. Shi kuwa sai dai ya yi dariya, ya ce mahaucin da ya yanka mai ciki manomi ne da ya dafa irinsa, ya ƙoshi bana, baɗi ya kama bara.

Sai gari ya buɗe. Gidajen abinci suka yi yawa, gidajen biki suka tsiro, kowace kwana ka leƙa da mai tsire da mai balangu, ga tireloli suna kwasar shanu suna yin Kudu. Bijimai masu kyau suka yi tsada, domin 'yan Kudu sun fi mu ƙarfin aljihu. Shanu mata kuwa sun fi sauƙi, musamman da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare makiyayi ya matsu, ya fito da abin da a da ko da wasa ba zai sayar ba. Ni kuma a lokacin na gama sakandare, na sayi waya, kaina ya cika da lissafi. Na samu wata Hajiya mai girkin biki da ke karɓar nama da yawa a hannuna. Kullum ina gaya wa Baba cewa zamani riga ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ba ya musu da ni. Abin da yakan ce kawai shi ne, "To, Allah Ya sa rigar ta yi maka daidai."

Wata Alhamis da la'asar muka je kara tare. Hajiya na da babban biki washegari, na yi mata alkawarin nama da sassafe, kuma duk bijimin da na taya sai ya fi ƙarfina. Can sai ga wata farar saniya mai dogon ƙaho, ta cika ta yi ɓul-ɓul, kuɗinta kuma daidai aljihuna. Zuciyata ta kwanta da ita. Baba ya zaga ta dama, ya danna, ya yi shiru. Ya ce biyu ce.

Ni ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunana, saboda kunya irin ta mutanen da. "Kai wannan" yake ce mini tun ina rarrafe. Amma ranar, hannunsa na jikin saniyar, ya waiwayo ya ce, "Lawan, kawo hannunka ka ji."

Dillalai suka fara 'yar dariyarsu, wani ya ce yau ungozoma za ta yaye ɗaliba. Kunya ta kama ni, irin kunyar banza ta saurayin da ke ganin ya waye. Na ce, "Baba, ai malamai sun ce halak ne."

Ya ce, "Ban ce maka haram ba ne. Cewa na yi kawo hannunka."

Wayata ta hau ƙara, Hajiya ce. Na ce masa bari in amsa waya. Na juya baya ina ta "ranki ya daɗe, kada ki damu," shi kuwa yana tsaye yana jirana. Da ya ga maganar ba ta da ranar ƙarewa, sai ya sauke hannunsa ya yi gaba. Ni kuma na ƙyafta wa dillali ido, aka sallama mini ita a bayan idonsa.

Na yi fatan kada ya zo kwata washegari, wato mayanka, amma Baba bai taɓa fashi ba. Ya iso ana tsakiyar fiɗa. Yana tsaye aka farke cikin, mahaifa ta zubo, aka tsaga. Maraƙa ce, mace, fara sol kamar uwarta, gashi ya gama fito mata, kofatonta da taushi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na tsaya da wuƙa a hannu na rasa inda zan sa idona. Baba bai dube ni ba. Ya nemi buhu, ya naɗe ta, ya ɗauka da kansa duk da ciwon bayansa, ya zaga can baya ya haƙa rami ya binne. Ya dawo ya wanke wuƙarsa tas, ya goge, ya mayar da ita kube, ya kama hanyar gida. Naman ya isa wurin Hajiya a kan lokaci, har ta yaba, ta ce bai taɓa yin taushi irin na ranar ba.

Daga ranar Baba bai sake taka kwata ba, bai sake zuwa kara ba. Wallahi da marina ya yi a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce gwiwa ce ta matsa masa, ya bar wa yara. Ya rufa mini asiri har a wurin mahaifiyata, wadda ta rasu ba ta san komai ba. Shekara uku ya yi bayan haka. Na riƙa aika masa da tsoka mai kyau da hanta kullum, ina zaton nama zai faɗi abin da bakina ya kasa. Sai ya sa albarka, ya ce a miƙa wa maƙwabta, shi kuma ya ci tuwonsa da miyar kuka. Sau da yawa nakan shiga zaurensa da niyyar in ce, Baba, tashi mu je kara ka nuna mini. Sai in gaishe shi, mu yi zancen gari, in tashi in ce sai gobe. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba. Da ciwon ajali ya kama shi na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Sai dai a lokacin ko kofi ba ya iya riƙewa, balle ya kama hannuna ya ɗora a jikin saniya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Kano ta yau. Ba na jin zai yi baƙin ciki don mutane sun ƙara cin nama. Mahauci ne, da naman ya ciyar da mu, kuma yakan ce yaron da ba ya samun romo a idonsa ake gani. Ni ma ba zan yi butulci ba. Da wannan kasuwa na gina gida, na sauke farali, yau Alhaji Lawan ake ce mini, mutum nawa ne ke cin abinci a ƙarƙashina. Amma na san tambayar da zai fara yi, ita ce, wa ke cin naman? A lungunmu na Jakara awara ce ta zama tsoka, ganda kuwa sai ranar da aka samu. Akwai gidajen da daga layya sai layya. A gidan biki kuma, da idona na ga an kwashe faranti da rabin nama a kai an juye a shara, domin masu shi sun ci sun gaji. Naman ya ƙaru a gari, amma ba a tukunyar da ta fi bukatarsa ba.

Tambaya ta biyu ita ce wadda nake tsoro. Duk safiya a kwata sai na ga irin abin da Baba ya naɗe a buhu, an ture gefe, ba mai ko kallo. Ba zan ce ga adadinsu ba, ban ƙirga ba, kuma ba na son in ƙirga. Kowace ɗaya saniya ce da za ta haifi wasu, ta ba da nono, ta riƙe gidan wani makiyayi. Mu muka ci iri, sannan mu ne kan gaba wajen kukan shanu sun yi tsada, kamar aljanu ne suka kwashe su. Ba na ɗora wa makiyayi laifi, matsi ne ya fito da shi. Ba na ɗora wa mai saye, shi nama ya gani a teburi. Tsakanin su biyun akwai mutum ɗaya da saniya ke bi ta hannunsa tana da rai, shi ne mahauci, kuma a da aikinsa ne ya duba. An ce yanzu akwai na'urar da ke nuna cikin dabba. Ni dai ban taɓa cin karo da ita a kara ba.

Makon jiya na je sayen shanu, aka nuna mini wata saniya ja, cikinta ya ɗan sauka. Ban san abin da ya zo mini ba. Na jefa waya a aljihu, na zaga ta dama, na dunƙule hannu na danna. Na tsaya shiru yadda na ga Baba yana yi. Ɗumin jikinta na ji, da numfashinta, sai kuma bugun zuciyata. Na matsa ƙasa na sake dannawa. Ban san ko wurin ne ba, ban san ƙarfin da ake sawa ba, ban san tsawon jiran ba. Shekara kusan ashirin ina fawa, na tsaya a gaban saniya kamar baƙo.

Dillalin ya ce, "Alhaji, lafiya? Me kake nema a nan?"

Wani tsoho daga cikin dillalan da, yana zaune a kan benci, ya ce, "Ƙyale shi, ɗan ungozoma ne." Sannan ya ɗaga murya ya tambaye ni, "To, ɗaya ce ko biyu?"

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Na bar ta ban saya ba, tunda ina kokwanto. Kafin in kai bakin ƙofa wani ya taya an sallama masa, ina ji ana kora ta zuwa mota.

Idan na auna abin da ya saura na Malam Inuwa, sunansa na nan, har yau albarkacinsa nake ci a kasuwa. Wuƙarsa na nan a ɗakina cikin kubenta, duk wanda ya gani sai ya ce lallai na gaji Baba. Na daina sayen mace sai wadda ta tsufa ta daina haihuwa, iyakar abin da na iya ke nan. Amma abin da ya so ya ba ni ba ya shiga kube, kuma sau ɗaya ya miƙo shi. Ya Allah Ka gafarta masa, Ka saka masa da alheri a kan kowace rai da ya bari ta zo duniya.

Ranar jana'izarsa ni na shiga kabari na karɓe shi, na kwantar da shi ta gefen dama. Ta cikin likkafani na ji hannun nan nasa, na riƙe shi na ɗan jima, har aka ce in fito a jera itace. Ranar na kawo hannuna, shekara uku bayan ya nema.