Sawun da ya ƙare a teburina

Ina sakatariyar ƙungiyar manoman albasa a Madawa lokacin da aka yanke mana rezo, wato intanet. Mai gyara ya zo daga Tawa, ya buɗe tsohuwar ordinatar, kwamfutar da nake aiki da ita, ya ce wani ya shige ta daga nesa yana kai wa ofisoshin wata ƙasa hari da ita. Su can sunan Nijar suke gani. Ni da ko saka hoto cikin takarda sai na yi gumi!

Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, wasu har sun ce an saye ni. Shugabanmu, dattijon da ya ɗauke ni aiki, ya tara manoma a rumfa, ya nemo mini mafita: in tashi in ce ƙasar nan da kowa ke zagi a rediyo ce ta yi, a tafa, a watse.

"Ɗiyata, hwaɗi sunansu kawai ki tsira da aikinki," in ji shi.

Amma na riga na tambayi mai gyaran. Ya ce daga wata na'ura aka shigo tawa, ita ma daga wata, kowace da ƙasarta, kuma bai ga mafarin ba.

Raina ya ɓaci. A Allakaye na girma, inda ɓarawon shanu kan kora su ta kan duwatsu, ya sauko da su bakin garin da bai ji ba bai gani ba, masu bin sawu su tsaya nan. A haka aka ɗaure kawuna, har ya mutu ana ce masa ɓarawo.

Na ce, "Baba, sawu ya ƙare bisa teburina, shi kaɗai na sani. Wanda yak koro shi ban gan shi ba, ba ni hwaɗin sunan kowa."

"To mi za mu ce ma mutane?"

"Ku ce musu ba mu sani ba."

Wani ya ja tsaki daga baya, ya ce ga shi nan tana kare su. Shugaba ya miƙo hannu bai dube ni ba, na sa masa mabuɗin biro, ofishin ƙungiya.

Har yau akwai matan da ba sa amsa sallamata a kasuwa. Kullum sai na yi musu sallamar, da ƙarfi kuwa.