Sista Maimaita da biron da ta hana ni

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da ita a ƙofar ɗakin jinyar yara. Ta riga ta tokare gurguwar ƙafar teburinta da kwali, ta jera takardun amincewar iyaye, biro na rataye da zare a wuyanta. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa Sista Maimaita yake ce mata, don ba ta sakar maka biron nan sai ka maimaita da bakinka abin da likita zai yi wa ɗanka.

Wani tela ya ce shi sau huɗu ya faɗi jarrabawarta. Ba ta gaji ba, ta zana masa cikin mutum a bayan ambulan har ya gane, ya koma gida yana yi wa maƙwabta lacca.

Ni kuwa ba labari aka ba ni ba. Shekara goma da suka wuce, 'yar ƙanena ce cikinta ya murɗe, likita ya ce tiyata, yau ba gobe ba. Ubanta direba ne, yana kan hanya, wayarsa ba ta shiga. Na gyara zaman hula, na sha gaban uwar yarinyar, na miƙa hannu.

Sista ta ce, "Kai ne uban?"

"Wansa ne. Ai duk ɗaya ne, a bayana ya girma."

"Madalla. Shekarunta nawa?"

"Takwas. Ko biyar. Tana dai tsakani."

"Akwai maganin da jikinta ba ya karɓa?"

"Haba Sista! Mu danginmu ba ma tsirfa, kome aka ba mu shanyewa muke."

Ta leƙa bayana. "Baiwar Allah, ke kika haife ta? Matso."

Matar ƙanena, wadda kunyata ta ɗaure wa baki tun safe, ta matso. Ta ce bara an yi wa yarinyar wata allura, fuskarta ta kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa. Ta zaro tsohon kati daga ƙasan jaka. Sista ta dubi katin, ta dubi takardar likita, sai na ga ta zura da gudu wurin likitan. Ashe allurar nan ce aka rubuta za a fara yi wa yarinyar.

Da ta dawo, ta zaunar da uwar, ta yi mata bayani dalla-dalla, uwar ta maimaita, sannan aka miƙa mata biro.

Na ce, "To ni fa?"

"Kai Baba, riƙe mata takalmanta."

Awa uku ina zaune a benci, rungume da 'yan takalma ja, ina cika ina batsewa, ina rantsuwar sai na kai ƙararta.

To Sista, yau ga ƙarar na kawo gaban jama'a. Ke ce kika kunyata ni gaban matar ƙanena. Ke ce mai hana biro, ke ce ba ki san girman hula ba. Na gode, wallahi na gode har cikin raina. Masu gadon teburin nan, ku yi tambaya irin tata. Mu kuma baffanni, mu koyi matsawa gefe.

Yarinyar bana take gama sakandare. Takalman suna wurina har yau. Duk sanda na kalle su sai gabana ya faɗi, don da kin ba ni biron nan, su kaɗai za mu koma da su gida.