Endel Sai-Gobe, Mai Gyaran Injin Huda Ƙanƙara

Idan sanyi ya kama, tafki ya daskare, Endel ba ya jiran rana ta fito. Zai sa tsohuwar hularsa mai rufe kunnuwa, ya share dusar ƙanƙarar da ta toshe ƙofar gareji, ya hura murhun itace, ya ɗora kofi. Kafin ruwan ya tafasa ya riga ya bi injinan huda ƙanƙarar da aka jingina masa a bango, yana shafa bakin wuƙaƙensu da babban yatsa yana gunaguni shi kaɗai. A ƙauyenmu na bakin Tafkin Peipsi, duk mai son cin kifi daga Disamba zuwa Maris sai ya huda tafki ya zura ƙugiya, kuma duk mai huda tafki ya san hanyar garejin nan. Bana Endel ya rufe shi. Yatsunsa sun kumbura, sun daina riƙe magagari. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ke bakinmu tun yana ji da kunnensa.

Endel bai taɓa sayar da inji ba, amma wanda duk ya yi niyyar sayen sabo wurinsa yake fara zuwa. Ba ya tambayar sunan kamfani. Zai ɗauko mafi nauyin da ke garejin ya ɗora maka a kafaɗa, ya ce ka zagaya bayan coci ka dawo. In ka dawo kana haki sai ya ce, "To, wannan a kan tudu ke nan, ba iska, ba santsi. Je ka nemi daidai kafaɗarka." Masu son inji mai ƙaton baki kuwa sun sha magana. "Kifin da kake kamawa bai fi tafin hannuna ba. Me za ka yi da ramin da zai haɗiye ƙafar jikanka?" Da injinan batir suka shigo mun zaci zai yi musu kishi. Ko a jikinsa. Cewa kawai yake a sa batirin cikin riga, jikin ciki, don sanyi na shanye shi tun kafin a isa wurin kamu.

Wajen gyara ma haka yake, aiki da faɗa tare suke tafiya. Wuƙa ɗaya zai duba ya gaya maka ka huda kusa da gaɓa inda yashi yake, ko ka buga bakin injin a ƙasa don ka kakkaɓe ƙanƙara. Ya sansana tanki ya ce fetur ɗin bara ne ya kwana a ciki, ya toshe kafireta. Ka rantse, ya ƙyale ka ka gama rantsuwar, sannan ya zuba maka kofi ya yanko maka baƙin burodi da bandar kifi. Ba ya barin inji ya fita ba murfi a kan wuƙaƙensa. In ka yar da naka, daga tsohon takalmin roba zai yanka maka wani.

Kai ne mai wasa ƙarfe har ya ci ƙanƙara ba gardama, Endel. Kai ne wanda injinka ke tashi a ja na farko, ranar da yatsun mutum suka ƙage don sanyi. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Masu iya gyara suna da yawa, har a birnin Tartu akwai waɗanda suka fi ka kayan aiki.

Sunan da muka laƙaba masa shi ne Endel Sai-Gobe, kuma ba don yabo muka sa ba. Mutumin da ke gama aiki kafin kofinka ya huce a Janairu, da Maris ta raba sai ya zama wani daban. Ka kawo inji don canjin fulogi, ya ce sai gobe. Ka dawo, ya ce wata kusa ce ta rage. Masu zuwa daga birni suna tafiya suna zagi, mu na gida muna cewa tsufa ne ko lalaci.

Tsofaffin masunta ne suka fara gano bakin zaren. Ƙanƙarar Maris maƙaryaciya ce. Rana na cin ta ta sama, ruwa na cin ta ta ƙasa, kaurinta na nan yadda yake amma cikinta ya ruɓe. Inji kuwa shiga yake yi cikinta ba wahala. Sai masunci ya dawo gareji baki har kunne, yana cewa bai taɓa ganin wuƙa mai kaifi irin wannan ba. To, wannan yabon shi ne abin da Endel ya fi tsoro a duniya. Ya san ba wuƙarsa ba ce ta ƙara kaifi. Shekaru ya yi yana faɗa wa mutane gaskiya ƙarara, amma wa zai ji "kada ka je" a watan da kifi ya fi cin ƙugiya? Da ya ga baki bai yi ba, sai ya koma riƙe injinan.

Ba na yabon ƙarya, kuma shi ma bai taɓa jin daɗinta ba. Sai dai na san abin da ta jawo masa, domin ta raba shi da Arvo.

Arvo abokinsa ne tun suna yara, shi ya auri ƙanwarsa Helju. A Janairun wata shekara Helju ta rasu, su biyu suka kama gaban akwatin gawarta zuwa maƙabarta. Daga nan Arvo ya tare a kan tafki. Ya fita da safe, ba ya dawowa sai ya daina ganin igiyar ƙugiyarsa. A tsakiyar Maris ya shigo gareji da injinsa a kafaɗa, igiyar tayarwa ta tsinke. Maimu, mai kantin da ke jikin garejin, tana wurin ta kawo wa Endel burodi mai albasa, ita ta ba mu labari.

"Yaya, ɗaura min igiya in koma," in ji Arvo. "Wuƙaƙen nan da ka wasa kuwa, sai dai a yi shiru. Jiya ko dannawa ban yi ba, kamar ana yanka man shanu."

Endel ya ajiye kofinsa. "Abin da ya fito daga ramin, fari ne busasshe ko jiƙaƙƙe?"

"Jiƙaƙƙe, toka-toka. Ina ruwanka da shi? Igiya na ce."

"Mutumina, ka haƙura da bana. Ta ruɓe."

"Kaurinta ya kai tsawon hannuna."

"Ko ya kai tsawonka. Ka haƙura."

"In haƙura in zauna ina? A gidan? Je ka zauna a kicin ɗin nan yini ɗaya, ka ji yadda agogon bango yake yi, sannan ka zo ka ce min in haƙura."

Maimu ta ce nan take Endel ya jawo injin gabansa. Sifana ya ɗauka. Kafin Arvo ya gama cire safar hannunsa, kafireta na warwatse a kan tebur.

"Ga matsalar nan," in ji Endel, idonsa na kan ƙarfen. "Wata 'yar roba ta mutu a ciki. Sai na aika Tartu."

"Igiya na kawo maka."

"Sai gobe."

Arvo ya dube shi. "Ni ma? Na ɗauka baƙi kake yi wa wannan."

Endel bai tsaya nan ba. Ya san kafaɗar Arvo ba ta iya murɗa mahudin hannu, don haka da yamma ya bi gidajen masu inji yana roƙon kada kowa ya ara masa. Maganar ta koma kunnen Arvo, kamar yadda kowace magana take komawa a ƙauye.

Da zan so in ce washegari ƙanƙara ta tsage, kowa ya ga gaskiyar Endel. Ba haka aka yi ba. Sanyi ya dawo a satin, tafki ya sake ƙarfi har cikin Afrilu, mutane suka kwashi kifi irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Arvo na zaune a taga yana kallonsu suna wucewa da buhuna. Tun daga nan ya daina yi wa Endel magana. In sun haɗu a kantin Maimu sai ya juya yana karanta takardar gwangwani. Injinsa ma bai je ya karɓa ba. Hunturun da suka biyo baya ya riƙa bin ramukan da wasu suka huda suka bari, yana fasa 'yar ƙanƙarar da ta rufe su da dunduniya, abin da ba masuncin da ke yi sai wanda ya rasa yadda zai yi.

Abin ya ci Endel, kowa ya gani. Ya rame, ya rage faɗa, mu kuwa faɗan nasa muka saba da shi. Ya haɗa injin tun a makon, ya rataye shi kusa da ƙofa inda mai wucewa zai hango. Duk shekara in sanyi ya gabato sai ya sauke shi, ya tashe shi, ya shafa wa wuƙaƙen mai, ya mayar. Maimu ta taɓa ce masa, "Kai ma da taurin kai. Je ka ce ka yi kuskure mana." Ya ce, "Wataƙila na yi kuskuren ƙanƙara. Amma in aka maimaita, haka zan sake yi. To, me zan je in ce masa?"

Kai ne wanda aikinsa mafi girma ba ya da shaida, Endel. Wanda aka tsamo daga ruwa ya san wanda zai gode wa. Wanda bai faɗa ba fa? Yana gida yana cin dankalinsa, yana zagin bakaniken da ya ɓata masa mako. Ba mu san su waye a cikinmu ba, kai ma ba ka sani ba.

A Afrilun bana, bayan tafki ya buɗe, masu injina suka zo kowa ya ɗauki nasa, garejin ya zama wayam. Saura ɗaya. Endel ya ɗora shi a baro ya tura ta tsakiyar ƙauye, cikin taɓo, yana tsayawa yana hutar da hannuwa. Maƙwabtan Arvo duk suka sami abin yi a bakin shinge. Endel ya ƙwanƙwasa, Arvo ya buɗe, ya dubi baron, ya dubi tafkin da ke ta kaɗawa ba ko ɓallin ƙanƙara.

"Yanzu ka kawo min shi?"

"Na rufe gareji. Ba ni da inda zan rataye shi." Endel ya cire hula. "Ba wata roba da ta mutu, Arvo."

"Na sani tun a ranar. Kana zaton ni yaro ne?"

"Na rufe Helju a Janairu. Ban iya in sake ɗaukar wani akwatin a Maris ba."

Maƙwabta suka fara jin kunyar tsayuwarsu. Sai Arvo ya sauko, ya ture hannuwan Endel daga baron, ya kama da kansa.

"Dubi yatsunka, tsohon banza. Wa ya ce ka turo wannan kai kaɗai? Shiga, akwai miya a wuta."

Mun gode, Endel. Mun gode da wuƙaƙen, da kofin, da faɗan, da kowane "sai gobe" da muka tsine wa. Ku kuma da za ku gaji wannan sana'a, ko wata irinta, ku koyi washi da haɗa mai, wannan ba wuya. Abin da nake roƙon ku koya wurinsa shi ne ku iya jure fushin wanda kuke ƙauna, in dai a kan ransa ne. Endel ya jure na shekaru, ga shi yau yana cin miya a kicin ɗin ƙanwarsa, Arvo na zaune a gabansa da ransa, yana yi masa gorin ya cika gishiri.