Labulen Yaya Ɗantani

Abu guda nake cewa da ma ban yi ba: tukunyar ruwan zafin da na ɗora domin Yaya Ɗantani.

Ku mutanen Warra kun san shi, mai jirgin fito, ɗan wan babana. Fatar idonsa ta sauko ta tare masa gani, sai ya sa yatsa ya ɗage ta. In ka gaishe shi ya ce, "Tsaya in ɗaga labule in ga ko wa na." Haka yake tuƙi, hannu ɗaya a kan inji, ɗaya a goshi. Bai yarda da asibiti ba sai da ya hau kututture a tsakiyar tafki da lodin albasa. Ko a ranar cewa ya yi kututturen ne ya matso.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na kai shi Yelwa, likita ya rage fatar, ya ɗage ta, ya ɗinke. Yaya ya nemi a ba shi abin da aka yanke, wai shekara sittin yana kiwon abinsa. Likita ya gama dariya ya kafa sharaɗi don kada jini ya ɓalle: ya kwanta kansa a sama, ya yi salla a zaune ba sunkuyo, ban da ɗaga kaya, ban da asfirin domin yana tsinka jini. A riƙa ɗora sanyi, kada zafi ya taɓa wurin.

Muka sauka gidan wani ɗan'uwa kusa da asibiti. Ƙanƙarar masu kifi na samo, har kyanwar gidan ta tare a gindin gadonsa.

Washegari na ga kumburi. Ni kuwa tun ina yaro na tashi na tarar ana gasa kumburi da ruwan zafi, daga targaɗe har mai jego. Na ce a raina likitan nan yaro ne. Na gasa wurin da tsumma, na ƙara masa da asfirin biyu. Kafin la'asar ido ya yi kamar ƙwan agwagwa, jini ya jiƙa bandeji. Muka ruga. Likita ya warware ɗinki ya fitar da jinin da ya taru, ya ce da mun ƙara jinkiri da idon ya tafi. Idon da mutum ke ci da gidansa!

Ya tambayi wanda ya aikata.

"Ni na, likita," in ji Yaya. "Wanga ƙanen nawa ko shayi bai iya dafawa."

Sai da muka fito ya raɗa mini, "Audu, fata anka ce ta yi yawa, ba ganda anka ce ka dafa ba."

Da ya warke ya koma gida, ya tsura wa matarsa Hajo ido, ya ce, "Ashe haka kika tsufa?" Ta ce in mayar da shi a sauke masa labulensa.

Ya ƙara shekara goma sha yana tuƙa jirgin fitonsa da hannu biyu, kuma bai taɓa tona ni ba. Yau na tona kaina. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Ku kuwa, in likita ya ce sanyi, don Allah kada ku hura wuta.